Babi na Bakwai: Kiran Ango a Waƙar Waƙoƙi

A cikin littattafai 39 da Kirista 'yan Furotesta suke ƙirgawa a Tsohon Alkawari, da wuya a sami wanda yake ba sabon mai karatu mamaki kamar Waƙar Waƙoƙi, wadda wasu ke kira Waƙar Sulemanu saboda sunan sarkin da ya zo a ayarta ta farko. Littafin gajere ne, sura 8 da aya 117, kuma babu doka a cikinsa, babu tarihin sarakuna, babu annabci, hatta sunan Allah bai fito fili ba, in ban da wata alama a sura ta 8 wadda masana suke saɓani a kanta. Abin da yake ciki daga farko har ƙarshe shi ne zancen budurwa da saurayinta, suna yabon juna, suna neman juna, suna rabuwa suna sake haɗuwa, yayin da 'yan matan Urushalima suke tsoma baki jefi-jefi a matsayin masu amshi. Duk da haka, kusan shekara dubu biyu ke nan Yahudawa da Kirista suna jin muryar Allah a cikin wannan waƙa, yana kiran mutanensa su taso su zo gare shi. Wannan babi yana bin sawun wannan karatu, yana kuma auna abin da yake nufi ga mai bi da ke zaune a ƙasar Mallawa da kewayenta, bisa hujjar cewa kiran Allah a cikin soyayyar waƙar yake, don haka duk wanda ya share soyayyar saboda kunya ya share kiran tare da ita.

Ƙasar da ake karatun

Mallawa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dungas ta jihar Damagaram, gundumar da aka cire daga Magariya a shekarar 2011, kuma ba ta da nisa da iyakar Nijar da jihar Jigawa ta Najeriya, inda kasuwar dabbobi ta Maigatari take tara mutanen ɓangarorin biyu kowace Alhamis. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne amfanin tudu, a ƙwarurruka masu damshi kuma ana samun rake da dabino da kayan lambu. Kusan kowa Musulmi ne, domin ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma a karkarar Damagaram sun fi haka ƙaranci.

Tushen ƙananan ikilisiyoyin yankin yana komawa ga mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893 da nufin kai bishara cikin ƙasashen Sudan, ta kuma buɗe aikinta na farko a Nijar a birnin Zinder a 1924, kafin ta yaɗu zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, da Galmi inda ta buɗe asibiti a 1950, da Dungas ita kanta. Kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristan bishara na Nijar, wannan mishan da Hausa ta yi aikinta, ba da Faransancin masu mulkin mallaka ba, kuma daga aikinta ne Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wato EERN, ta fito a farkon shekarun 1960. Littafin da masu bi suka riƙe shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, wanda Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a ƙasar Zazzau ya jagoranci fassararsa, sannan sabuwar fassarar da ta biyo baya wajen 1980. Ma'anar wannan ita ce Waƙar Waƙoƙi ta iso ƙasar Dungas cikin harshen da ake zuwa taɗi da shi, ake kuma neman aure da shi, ba tare da labulen baƙon harshe da zai rage mata zafi ba. Shi ya sa tambayar yadda za a karanta ta ta zama tambaya mai nauyi ga fasto da mai bishara na karkara.

Yadda waƙar aure ta zama kira

Yahudawa ne suka fara jin kira a cikinta. Annabawansu sun riga sun kwatanta alkawarin da ke tsakanin Allah da Isra'ila da aure: Yusha'u ya yi maganar matar da ta ci amana aka kuma sake neman ta, Irmiya ya tuna ƙaunar kwanakin amarci a jeji, Ishaya da Ezekiyel su ma sun bi wannan hanya. Da aka yi muhawara a kan matsayin waƙar, malamin nan Akiba, wanda ya rasu wajen shekara ta 135, ya tsaya a kan cewa ta fi dukan rubuce-rubuce tsarki, kuma har yau ana karanta ta a lokacin Idin Ƙetarewa, idin tuna fitar Isra'ilawa daga Masar, domin a wurinsu fitar nan amsa kiran masoyi ce.

Kirista sun gāji wannan karatu, suka kuma sami ƙarin dalili a Sabon Alkawari, inda Yahaya Mai Baftisma ya kira kansa abokin ango, Yesu ya ba da misalin budurwai goma masu jiran ango da fitilu, Bulus ya kwatanta ƙaunar miji ga matarsa da ƙaunar Almasihu ga ikilisiya a wasiƙarsa ga Afisawa, littafin Wahayi kuma ya rufe da bikin aure. Wanda ya fi kowa tasiri a farkon zamani shi ne Orijen, malamin Iskandariya ta Masar, wanda ya rubuta dogon sharhi a ƙarni na 3, inda ya nuna cewa amaryar tana iya zama ikilisiya gaba ɗaya, tana kuma iya zama ran mai bi shi kaɗai. Wannan hanya ita ake kira fassara ta misali, wato a ɗauki abin da nassi ya faɗa a fili a matsayin hoton wata gaskiya ta ruhu. Orijen ya kuma yi gargaɗin kada wanda bai riƙa ba a bangaskiya ya yi gaggawar buɗe littafin. Bayansa Giregori na Nisa ya yi wa'azi 15 a kan waƙar, sannan a Faransa Barnad na Kilarbo ya fara jerin wa'azinsa a 1135, ya yi 86, mutuwa ta riske shi a 1153 bai wuce farkon sura ta 3 ba.

Wannan karatu bai tsaya a gidajen sufayen Turai ba, domin Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya rubuta ɗan littafi a kan Waƙar Waƙoƙi inda ya bayyana ta a matsayin matakan zumuncin mai bi da Almasihu. Tsarinsa na dogara ga addu'a da gudummawar masu bi shi ne wanda SIM da takwarorinta suka ɗauka.

An sami masu ja da wannan hanya tun da wuri. Tiyodo, bishop na Mofsuwestiya da ya rasu a 428, ya ɗauki waƙar a matsayin waƙar auren Sulemanu kawai, kuma babban taron ikilisiya na Kustantiniya a 553 ya la'anci koyarwarsa. Amma a zamanin baya-bayan nan shaidu sun ƙarfafa abin da ya hango. A 1873 wani jami'in Jamus da ya zauna a Dimashƙa mai suna Wetzstein ya bayyana yadda manoman Sham suke yi wa ango da amarya sarautar mako guda, suna waƙar siffanta jikinsu gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda ake gani a sura ta 4 da ta 5 da ta 7, an kuma gano tsofaffin waƙoƙin soyayya na Masar, waɗanda suka girmi zamanin Almasihu da fiye da shekara dubu, masu kama da ita ƙwarai. Yau mafi yawan masana sun yarda cewa waƙar soyayya ce ta gaske tsakanin mace da namiji. Abin da ya rage shi ne a fahimci cewa wannan bai rushe kiran ba, domin annabawa ba za su iya kwatanta Allah da ango ba sai idan ƙaunar ango abu ne mai tsarki da daraja tun asali.

Kira a ƙarshen ruwa

Wurin da kiran ya fi fitowa sarari shi ne sura ta 2. Budurwa tana cikin gida sai ta ji motsin saurayinta yana tahowa da sauri ta kan tuddai, ta gan shi ya tsaya a bayan katanga yana leƙowa ta taga, sannan ya roƙe ta ta fito su tafi tare. Hujjar da ya kawo ita ce lokaci: sanyi ya wuce, ruwa ya ɗauke, furanni sun fito, kurciya tana kuka, ɓaure ya fara 'ya'ya. Abu uku ne masu fassara suka riƙe a nan. Na farko, shi ne ya zo, domin ita tana zaune ba ta aika a kira shi ba, kuma wannan shi ne abin da Kirista suke kira alheri, wato Allah ya fara neman mutum tun mutum bai cancanta ba. Na biyu, bai tsallake katangar ba, bai kuma fasa ƙofa ba, ya tsaya a waje yana jiran ta amsa da son ranta. Na uku, amsar da yake nema tashi ce da fita, ba jin daɗin murya daga cikin ɗaki ba.

A nan mai karatu na Mallawa yana buƙatar bayani kaɗan, domin a ƙasar Falasɗinu ruwan sama a watannin sanyi yake sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma bayan ɗaukewarsa ne ƙasa take yin kore. A Damagaram kuwa damina daga Yuni zuwa Satumba take, abin da ke bin ta shi ne kaka. Amma bambancin bai hana fahimta ba, ya ma ƙara mata ƙarfi, domin manomin Dungas ya san cewa idan ruwa ya ɗauke, aka yanke gero aka ɗaure dammuna aka cika rumbu, aka kai wake da gyaɗa kasuwa, a lokacin ne ake kai kuɗin aure, a sa rana, a fara jin guɗa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya kuma san cewa wanda ya bar kaka ta wuce bai shirya ba, sai ya jira wata shekara. Wannan sani shi ne ainihin abin da nassin yake koyarwa: kira yana da lokacinsa, kuma jinkiri yana da farashi.

Sura ta 5 ce take nuna farashin. Dare ya yi, budurwa ta kwanta, saurayi ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, kansa ya jiƙe da raɓa. Ba ta ƙi shi ba, ba ta kuma daina sonsa ba, uzurinta kawai shi ne ta riga ta tuɓe riga ta wanke ƙafafu, tana ƙyashin sake sa tufa da taka ƙasa. Kafin ta yanke shawara ta tashi ta zare sakata, ya tafi. Ta fita cikin duhu tana kiransa babu amsa, masu gadin birni suka same ta suka doke ta suka ƙwace mayafinta. Masu wa'azi tun dā suna haɗa wannan wuri da wasiƙar Wahayi ga ikilisiyar Lawudikiya, inda Almasihu yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, kuma abin lura shi ne ikilisiya aka rubuta wa wasiƙar, ba waɗanda ke waje ba. Haɗarin da waƙar take nunawa shi ne sanyin jikin mai bi da ya saba da muryar har ya daina gaggawar amsa ta: wanda ya bar addu'ar asuba saboda aikin gona, ya ɗage sulhu da ɗan'uwansa zuwa gobe, ya ji maƙwabciyarsa gwauruwa ba ta da hatsi ya ce sai bayan kasuwa. Amma labarin bai ƙare da dukan ba, domin da 'yan matan Urushalima suka tambaye ta abin da ya bambanta saurayinta da sauran samari, sai ta buɗe baki ta yabe shi yabo mafi tsawo da ta yi a dukan littafin, kuma daga wannan shaida ce ta sake samun hanyar zuwa wurinsa.

Kunya da gaskiyar aure

Babban shingen da ke tsakanin wannan littafi da mumbarin ikilisiyar Hausa shi ne kunya. A ƙasar da mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amarya kuma take rufe baki a daren kai ta har sai abokan ango sun yi sayen baki, karanta yabon leɓɓa da ƙirji a gaban surukai da yara abu ne mai wuya. Wannan kunya ba abin raini ba ce, ita ce ke riƙe da mutuncin gida, kuma gargaɗin Orijen ya nuna cewa tsofaffin malaman ikilisiya ma sun san kowace magana da wurinta. Hikima ita ce a nemi wurin da ya dace, kamar taron zumuntar mata, da zaman gargaɗin da fasto da matarsa suke yi wa masu shirin aure, da ajin manya, maimakon a bar littafin a rufe.

Barinsa a rufe asara ce, domin akwai koyarwa a zahirinsa da ƙasar Hausa take buƙata. Macen ce ta fara magana a waƙar, ita ce kuma ta fi yawan magana. Tana da ra'ayi, tana zaɓe, tana cewa saurayin nata ne kamar yadda take tasa. A sura ta 1 ta bayyana cewa rana ce ta ƙona fatarta saboda 'yan'uwanta maza sun sa ta tsaron gonakin inabi har ta rasa lokacin kula da kanta, amma ta tsaya a kan cewa ita kyakkyawa ce. Yarinyar da ta yini tana korar tsuntsaye a gonar gero ko tana jan guga a rijiya ba ta buƙatar dogon sharhi kafin ta gane kanta a wannan hoto. Sau uku waƙar take gargaɗin kada a ta da soyayya kafin lokacinta, kuma a ƙasar da mafi yawan 'yan mata ake yi musu aure kafin su cika shekara 18, wannan gargaɗi yana shafar iyaye fiye da yadda yake shafar samari. A sura ta 8 kuma ta ce ƙauna ba ta sayuwa ko da mutum ya ba da dukiyar gidansa duka, maganar da take tsaye a gaban gasar lefe da tsadar biki da ke hana matasa aure. Mijin da yake so ya ji kiran Almasihu a wannan littafi amma yana wulaƙanta matarsa bai fahimci ko ɗaya daga cikin ma'anonin biyu ba, domin a wasiƙar Afisawa ma'aunin ƙaunar miji shi ne ba da rai.

Tsakanin maƙwabta

Kiristan ƙasar Mallawa yana zaune ne cikin al'ummar da ta san yadda ake bayyana addini da harshen shauƙi. Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri, waɗanda ake rerawa musamman a watan Maulidi, da waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi na Zariya, sun koya wa kunnen Bahaushe cewa mai bege yana iya kuka da rashin barci saboda wanda yake ƙauna ba tare da an zarge shi da batsa ba. Wannan ya sa maƙwabci Musulmi yana iya gane zafin da ke cikin karatun Kirista, ko da bai yarda da tushensa ba. Wajibi ne kuma a faɗi bambancin da gaskiya. A waƙoƙin bege ɗan Adam ne yake ɗokin Annabi, amma a karatun Kirista na Waƙar Waƙoƙi Ubangiji ne yake zuwa bakin ƙofa yana neman bawansa. Maganar ango da amarya kuwa tana iya yi wa kunnen mai kishin tauhidi nauyi, don haka ya kamata mai bi ya iya bayyana cewa Kirista ba sa cewa Allah yana aure kamar mutane, misali ne na alkawari da aminci da kishi, wanda annabawan Isra'ila suka fara amfani da shi.

Zaman tare ya gamu da jarrabawa a ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe aka ƙona majami'u a Zinder, washegari kuma a Yamai, abin da shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi tir da shi a jawabinsa ga ƙasa. Ga ikilisiyar da ta ga irin wannan rana, sura ta 8 tana da magana, domin a can ne waƙar take cewa ƙarfin ƙauna ya kai na mutuwa, kuma ambaliya ba ta iya kashe wutarta. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne waƙar ba ta kiran amarya zuwa ramuwa, ba ta kuma ce ta ƙara tsawon katangarta ba. Akwai ma kira a cikinta na fita zuwa gonaki da ƙauyuka. Ikilisiyar da ta karanta ta daidai za ta ci gaba da zuwa suna da jana'iza da gayya tare da maƙwabtanta.

Iyakar fassara

Fassara ta misali tana da haɗarinta, domin a tarihi an sami masu sharhin da suka ba kowane haƙori da kowane gashin kai ma'anar ɓoye, har nassin ya koma faɗin duk abin da mai wa'azi yake so. Kariya daga wannan ita ce a bi ƙa'ida mai sauƙi: a fara barin waƙar ta zama abin da take, waƙar mace da namiji masu son juna cikin aminci, sannan a ɗauki manyan motsinta kawai, wato zuwa da kira da jinkiri da nema da samu, a auna su da abin da annabawa da manzanni suka faɗa a fili game da Allah da mutanensa. Duk ma'anar da ba ta da goyon baya a wani wuri na Littafi Mai Tsarki, ra'ayin mai wa'azi ce, kuma bai kamata a ɗora wa jama'a ita ba. Idan aka karanta ta haka, Waƙar Waƙoƙi tana ɗora wa mai bi nauyi biyu da ba sa rabuwa, su ne ya amsa kiran Ubangijinsa ba tare da jinkiri ba, ya kuma nuna gaskiyar amsar a yadda yake riƙe matarsa ko mijinta, da yadda yake aurar da 'ya'yansa, da yadda yake zama da maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba.